Baƙo mai jakar goyo: kasuwar da ta ratsa ta ƙofarmu

Duk wanda ya yi wayo a Agadas, ko Tawa, ko Damagaram kafin shekarar 2007 bai manta da wani irin Bature ba. Ba wanda ke zuwa cikin kat-kat mai sanyi nake nufi ba, da direba da takardar aiki daga wata ƙungiya. Wannan da ƙafa yake shigowa gari daga tasha, goye da wata ƙatuwar jaka wadda ta ɗara kansa tsawo, riga ta koɗe, takalmi ya sha ƙura, hanci ya yi jajir saboda rana. Zai zauna a bencin mai shayi ya ci burodi da ƙwai, ya tsaya cinikin dala biyar kamar da ita zai koma gida, sa'an nan ya buɗe wani littafi mai kauri ya tambayi hanyar gidan da aka rubuta masa cewa ana kwana da araha. Muna yara mukan bi shi a baya muna roƙon kado. Manya kuwa sai su girgiza kai, suna mamakin mutumin da ya baro ƙasar da kowa ke mafarkin zuwa, ya zo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidan wani. Hukuncin gari a kansa ɗaya ne: matsiyacin Bature.

To, mai karatu, ga abin da kuɗin wannan matsiyaci suka gina. A shekarar 2017 an sayar da wani kamfani mai suna Generator a kan Yuro miliyan 450, wato kusan miliyar 295 na kuɗin sefa. Gidajen kwanan da kamfanin yake da su a lokacin, a birane irin su Landan da Balin da Paris, ba su kai ashirin ba, kuma babbar hajarsu ita ce gado mai hawa biyu a cikin ɗakin da mutum shida ko takwas waɗanda ba su san juna ba suke kwana tare. Irin wannan gida shi ne Faransawa ke kira auberge de jeunesse, mu kuma za mu kira shi masaukin matasa. Ya dace ɗan kasuwa ya san yadda abin ya faro, da yadda ya taɓa biyowa ta ƙasarmu, domin ina ganin mun daɗe muna yi masa kallon da ba daidai ba.

Malamin lakwal da hadari

Asalin abin ba kasuwanci ba ne, kuma ba domin baƙi daga ƙetare aka ƙirƙiro shi ba. Wani malamin lakwal ne Bajamushe mai suna Richard Schirrmann, wanda ke koyarwa a Altena, ƙaramin gari mai masana'antun waya a yammacin Jamus. Ɗalibansa ƴaƴan leburori ne da suka tashi cikin hayaƙi da ƙunci, saboda haka yakan fita da su yawon ƙafa na kwana da kwanaki cikin daji da ƙauyuka. A watan Agusta na 1909 hadari ya rutsa da su a hanya, suka rasa mafaka, sai aka buɗe musu wata lakwal ta ƙauye wadda ba kowa a cikinta, suka kwana a nan. A wannan dare ne tunanin ya zo masa: tunda kowane ƙauye yana da lakwal, kuma kowace lakwal takan zama fanko lokacin hutu, me zai hana a riƙa jaye teburori ana shimfiɗa katifun ciyawa, ta yadda yaro zai ratsa ƙasarsa da ƙafa, ya kuma sami makwanci a ƙarshen tafiyar kowace rana?

A 1912 aka kafa masauki na dindindin na farko a cikin tsohuwar fadar dutse ta Altena, kuma ɗakunan suna nan har yau, an mai da su gidan tarihi. Zuwa 1932 irin waɗannan masaukai sun haura 2000 a Jamus kaɗai, a shekarar ce kuma wakilan ƙasashen Turai suka haɗu a Amstadam suka kafa ƙungiyar duniya ta masaukan matasa. Ƴan Nazi da suka hau mulki a 1933 sun mamaye na Jamus, suka mai da su wurin cusa wa yara aƙidarsu, shi kuma Schirrmann aka tilasta masa sauka a 1936. Amma kafin nan iri ya riga ya bazu.

Wanda ya ɗauka cewa waɗannan gidaje na sakarci ne ya yi kuskure, domin dokokinsu sun fi kama da na bariki. Sai kana da katin ƙungiya za a karɓe ka. Kai za ka zo da zanin gadonka, kai za ka dafa abincinka, ka wanke kwanonka, da safe kuma a ba ka tsintsiya kafin a mayar maka da katinka. Ɗakin maza daban, na mata daban, ba a shiga da barasa, ana kulle ƙofa da dare a kashe fitila. Mai kula da gidan ana ce masa uban masauki, matarsa kuma uwar masauki. Arahar daga nan ta samo asali: baƙo ne ke yin aikin da a otel ake ɗaukar ma'aikata su yi.

A Faransa Marc Sangnier ne ya buɗe na farko a Bierville, kudu da Paris, ya kuma kafa ƙungiyarsu a 1930. Sai dai abin bai kankama ba sai a 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta ba kowane ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, Léo Lagrange kuma ya samo musu tikitin jirgin ƙasa mai rangwame. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi ya lura da wannan: gado mai araha bai yi amfani ba sai da aka sami dokar da ta ba talaka lokaci, da abin hawan da aljihunsa zai iya ɗauka. Haka aka sake yi a 1972 da tikitin Interrail, wanda ya ba matashin da bai wuce shekara 21 ba damar yawo wata guda cikin jiragen ƙasa na ƙasashe 21 da kuɗi ɗaya.

Littafin da ke cika gida da baƙi

A shekarun 1960 da 1970 matasan Turai suka fara ƙetare iyakar nahiyarsu. Hanyar da ta yi suna ita ce wadda ta tashi daga Istambul ta bi ta Teheran da Kabul da Lahor da Dilli har Katmandu, a cikin tsofaffin bas-bas da jiragen ƙasa. A can babu katin ƙungiya, babu uban masauki. Mutanen gari ne suka ga matasa suna zuwa da ƙananan kuɗi da dogon lokaci, suka raba ɗakunansu da katako suka jera gadaje. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan, duka a 1979, suka toshe wannan hanya. Matafiyan ba su koma gida sun zauna ba, sauya alƙibla suka yi, suka hau jirgin sama zuwa Tailan da Indonesiya da Kudancin Amurka. A Bankok akwai wani titi mai suna Khao San wanda tsawonsa bai wuce mita 400 da ƴan kai ba. Ma'anar sunan ita ce gyararriyar shinkafa, domin a dā kasuwar shinkafa ce. Daga farkon shekarun 1980 masu gidajen titin suka fara ba da hayar gadaje, yau kuma da wuya a sami inda masu jakar goyo suka fi taruwa kamar nan.

Shekarar 1973 ta haifi littattafai biyu da suka mai da wannan yawo sana'a. Tony da Maureen Wheeler, miji da mata, sun bi hanyar Asiya daga Landan har Ostareliya, suka isa Sidni da santi 27 a aljihu, suka zauna suka rubuta ɗan littafin da ya zama tushen kamfanin Lonely Planet. A Faransa kuma Philippe Gloaguen da abokinsa suka fitar da Guide du Routard bayan masu buga littattafai da dama sun ƙi shi. Irin waɗannan ne littattafai masu kauri da muke gani a hannun baƙinmu. Ƙarfinsu ya wuce yadda ake zato: gidan da aka ambaci sunansa a layi biyu zai shekara cike da baƙi, maƙwabcinsa da aka manta kuwa, ko ya fi shi tsabta, sai ya ta kallon hanya. Littafin ya zama dillali, mai haɗa baƙo da maigidan da bai taɓa gani ba, ya kuma tsaya masa a matsayin shaida.

Yanzu ga lissafin, domin ƴan kasuwa. A ce kana da ɗaki babba. In ka sa gado ɗaya da talabijin da na'urar sanyi ka ba da shi jika 15 a dare, ran da ba baƙo ba ka da ko tamma. In ka jera gadaje huɗu masu hawa biyu, mutum takwas ke nan. Kowa ya biya jika 3, ka tashi da jika 24 in ɗakin ya cika, in rabi ne suka zo ka sami jika 12. Makewayi ɗaya ne, fitila ɗaya ce, mai gadi ɗaya ne. Mai otel ɗaki yake sayarwa, mai masauki kuwa gado yake sayarwa, kamar bambancin mai sayar da buhu da mai awo da tiya. Kowa a kasuwar Maraɗi ya san wanda ya fi ganin ciniki kullum a tsakanin su biyun.

Wannan lissafi ne ya jawo hankalin masu manyan kuɗi. Da intanet ta zo, sai wayar hannu ta karɓe aikin littafi. Kamfanin Hostelworld da aka kafa a Dublin a 1999 ya ba matafiyi damar kama gado tun yana gida, yana yankar la'adarsa a kan kowane ciniki, kuma duk wanda ya kwana a wuri yakan ba shi maki ya rubuta abin da ya gani, ko kuɗin cizo ne ko sata. Aka bar tsintsiya da kulle ƙofa, aka ƙara mashaya da ɗakunan mutum biyu, har da wurin zama domin masu aiki da kwamfuta daga nesa. Ba kowa ne ya ci riba ba. Annobar korona ta 2020 ta fi yi wa wannan sana'a illa a kan otel, tunda ba mai son haɗa numfashi da mutum bakwai. Kamfanin Selina da aka kafa a Panama a 2014 ya ciwo bashi ya buɗe gidaje a ƙasashe da dama, ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka a 2022 da ƙimar dalar Amurka miliyar ɗaya da miliyan 200, amma a watan Yulin 2024 ya durƙushe. Tsohuwar ƙungiyar masaukan Ingila ma, wadda aka kafa tun 1930, ta sa gidajenta 20 a kasuwa a 2023. Abin da na fahimta shi ne, sana'ar gado ɗaya-ɗaya ribarta ƙarama ce a kan kowane kai, ba ta jure bashi mai ruwa, kuma ta fi lafiya a hannun mai gidan da ke kwana a cikinsa.

A hannun wa kuɗin ke tsayawa?

Gwamnatoci da yawa ba su son mai jakar goyo. Sun fi son attajirin da zai sauka a babban otel ya kashe a kwana biyar abin da wancan zai kashe a wata. Ƙasar Butan ta fito fili da wannan ra'ayi: a 2022 ta ɗora wa baƙo harajin dalar Amurka 200 a kowane dare, kafin ta rage shi zuwa 100 a 2023. Kuma ba za a ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Inda matasa suka taru ba mai tsawata musu, maye da ƙwaya da shigar banza kan biyo baya. A garin Vang Vieng na ƙasar Lawos sai da hukuma ta rufe mashayun bakin kogi a 2012 bayan an yi ta rasa rayuka.

To amma akwai tambayar da ofisoshi ba su cika yi ba. Attajirin nan tun a Paris ya biya kamfanin tafiya, jirgin da ya kawo shi na waje ne, cukun da ya ci da abin da ya sha daga waje aka shigo da su, mai otel ɗin ma sau da yawa ba ɗan ƙasa ba ne. In aka cire duk wannan, abin da ya saura a gari ɗan kaɗan ne. Mai jakar goyo kuwa kuɗinsa ba su da yawa a rana, amma yakan yi makonni, kuma duk inda ya sa hannu a aljihu ɗan gari ne ke karɓa: mai tuwo, mai wanki, ɗan kabu-kabu, baduku, maƙeri. Wani malamin jami'a ɗan Ingila, Mark Hampton, ya nuna haka a 1998 bayan nazarin da ya yi a Indonesiya: jarin da ake bukata domin karɓar irin wannan baƙo ƙarami ne, saboda haka gidajen sukan zama mallakar mutanen wurin, kuɗin kuma ba su cika tsiyayewa waje ba.

Hanyar Asamaka

Mu ba sai an kawo mana nazari daga Indonesiya ba, domin abin ya faru a gabanmu. A shekarun 1970 da 1980 babbar hanyar matasan Turai zuwa Afirka ta ƙasa ita ce wadda ta ratso Aljeriya zuwa Tamanrasat, ta gangaro kimanin kilomita 400 zuwa Ingezam, ta shigo Nijar ta Asamaka, ta yi wasu kilomita 200 cikin rairayi zuwa Arlit, daga nan Agadas. Da yawansu sun gano dabarar da ke biya musu kuɗin tafiyar: su sayi tsohuwar Pijo 404 ko 504 da araha a Faransa ko Jamus, su tsallako da ita hamada, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, wasu su zarce da ita Kwatano ko Lome, sa'an nan su goya jaka su ci gaba a motar haya. Dattawan dillalan mota na ƙasar nan da na arewacin Nijeriya sun san yawan taksin da suka shigo ta wannan hanya. Ma'aikatan duwan ma sun sani.

A kewayen wannan zirga-zirga sana'o'i suka tsiro: kamfin inda ake kafa tanti a biya kuɗin ruwa da gadi, gidajen ƙasa da aka mai da ɗakunansu na baƙi, bakanikai masu ɗinke motar da hamada ta karya, maƙeran azurfa, masu raƙuma, da ƴan jagora masu kai mutane Timiya da Iferwan da Tenere. Gasar motoci ta Paris-Dakar, wadda tun zagayenta na farko a watan Janairun 1979 ta bi ta Agadas, ta sa sunan garin a talabijin na Turai. Marigayi Mano Dayak ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, kuma a 1991 UNESCO ta sa yankin Ayar da Tenere cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Rushewar ba a rana ɗaya ta zo ba. Rikicin Cintabaradan na watan Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawaye, yaƙin basasar Aljeriya da ya barke a 1992 kuma ya toshe hanyar daga sama. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 an ɗan farfaɗo, musamman da jiragen Point-Afrique masu araha suka riƙa sauke baƙi kai tsaye daga Faransa a filin jirgin Agadas. Waɗannan ne baƙin da tsararrakina suka gani. Sai kuma abubuwa suka biyo juna. A 2000 masu gasar Dakar suka tsallake arewacin ƙasar ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazana. A 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya. A 2007 tawaye ya dawo. A watan Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, a Janairun 2011 aka ɗauke wasu samari Faransawa biyu a tsakiyar Yamai. Da UNESCO ta karrama tsohon birnin Agadas a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun ɗauke ƙafa. Bayan kisan da aka yi a Kure a watan Agustan 2020, inda Faransawa shida da ƴan Nijar biyu suka rasa rayukansu, taswirar ofishin harkokin wajen Faransa ta shafa wa ƙasar jan launi in ban da Yamai.

Kamar yadda ya faru a Afganistan a 1979, matafiyan wata hanya suka nema. Masu son shigowa Afirka ta ƙasa sun koma bin gaɓar teku, ta Maroko da Muritaniya zuwa Sanagal. Babu tallar da ma'aikatar yawon buɗe ido za ta yi ta dawo da su muddin hanya ba ta da aminci, kuma yaudarar kai ce a ce wa mai jari ya gina gida yana jiransu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda hanyar ta juya. Gidajen Agadas sun ci gaba da karɓar matasa masu ƙaramar jaka a baya, sai dai waɗannan daga kudu suke zuwa, arewa suka nufa, gidajen kwanansu kuma geto ake kiransu. Direbobi da ƴan jagora da dama da suka rasa Turawa sun koma jigilarsu zuwa Libiya, har dokar 2015-36 ta haramta aikin, kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. Asamaka, inda a dā samarin Turai ke jera Pijo suna jiran a buga musu fasfo, ta zama inda waɗanda Aljeriya ta koro suke isowa da ƙafa, bayan tafiyar kilomita 15 daga inda aka zubar da su. Saurayin Faransa ko Jamus yana iya samun bizar shekara guda ya je Ostareliya ya yi yawo yana aiki a gonaki, kuma tun 2005 wanda ya yi wata uku yana aikin gona ana ƙara masa shekara. Tsaransa na Tawa kuwa, kuɗin neman bizar Turai kawai Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kusan jika 59, kuma in an hana shi ba a mayar masa. Jakar iri ɗaya ce, fasfo ne ya bambanta.

Baƙin da ba mu ƙirga ba

Kuskurenmu, a ganina, shi ne da muka ɗauka cewa gado mai araha na Anasara ne. Schirrmann bai jira baƙon ƙetare ba, yaran unguwarsa ya yi wa tanadi. Mu kuma sana'ar sauke baƙo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin fatake akwai fatoma, maigidan da ke ba ɗan kasuwa ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni, ya ci la'adarsa. Da wannan tsari kakanninmu suka kafa zango a Kumasi da Akara da Lome, da Sabo a Ibadan. Har yau masu goro da masu dabbobi suna cin moriyarsa. Amma fatoma na ɗan kasuwa mai kaya ne. Ina wanda ba shi da haja zai sauka?

A duba waɗanda ke tafiya a ƙasar nan kullum. Akwai matasan da ke tahowa Yamai daga Difa ko Damagaram domin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Akwai mai jinya da ke kwana a ƙofar asibiti, da malamin lakwal da ya zo bin takardunsa aka ce ya dawo gobe, goben kuma ta zama mako biyu. Akwai ƴar kasuwar da ta zo sarin kaya da kuɗi ɗaure a zani. Akwai dubban masu zuwa kallon kokawar takobi, wadda ke zagaya jihohi tun da aka fara ta a Tawa a 1975, da masu zuwa Bianu, da taron makiyaya na Ingal. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka yi a Maraɗi a 2015, da Agadas a 2016, da Tawa a 2017, da Damagaram a 2018 sun bar tituna da gidajen manyan baƙi. Talakan da ya zo kallo kuwa, gidan dangi ne ko tasha. Mafi yawan waɗannan mutane ba za su iya biyan otel ba, amma ba su rasa jika biyu ko uku.

Abu biyu ne ke tsaye a hanya, kuma duka ba na kuɗi ba ne. Na farko kunya. A wurinmu abin magana ne mutum ya shigo garin da yake da ɗan uwa ya je ya biya kuɗin kwana. Shi zai ji nauyi, ɗan uwan kuma zai ɗauka an raina shi. Baƙonka annabinka, haka aka ce, kuma ba na jayayya. Sai dai kowane ma'aikaci mai ɗaki biyu da falo a Yamai ya san cewa baƙon da aka ce raɓa ne wani lokaci yakan zama damina, kuma yawancin baƙin su ma da za su sami inda za su sauka cikin mutunci, su zo su gaida ɗan uwa da rana, da sun fi sakewa.

Na biyu shi ne sunan. Kalmar oberj ta yi wari a garuruwanmu, har dattijo ba ya son a ga motarsa a ƙofar irin wannan gida, kuma kowa ya san dalili. Abin dariya, ɗakin da mutum takwas ke kwana a cikinsa shi ne wurin da ya fi wuyar aikata abin da ake zargin oberj da shi. Tsohon tsarin Jamusawa, da ɓangaren maza da na mata, da uwar masauki, da hana barasa, da kulle ƙofa, ya fi dacewa da Maraɗi a kan yadda ya dace da Balin ta yau. Abin da za a ƙara ba shi da yawa: wurin alwala da salla, tankin ruwa, gidan sauro, rajistar baƙi da katin ɗan ƙasa, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo ga kowane gado, domin ɗan kasuwa ba ya barci in bai san inda kuɗinsa suke ba. Hukuma kuma tana da nata. In aka auna gida mai gado ashirin da mudun babban otel wajen lasisi da patanti, ba wanda zai yi rajista, sana'ar za ta ci gaba a ɓoye, inda ba mai duba tsabta ko gobara. Gidajen matasa da ke manyan garuruwa da azuzuwan lakwal, inda dama ake sauke tawagogi in an yi babban taro, sun isa a gwada abin da su a lokacin hutu ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba.

A halin yanzu kamfanonin bas ne ke riƙe da wannan aiki ba tare da sun kira shi sana'a ba. Na taɓa kwana a tashar ɗaya daga cikinsu a Yamai, ina jiran motar asuba. Rumfa ce babba da tabarmi, maza a gefe mata a gefe, talabijin na ta ƙara har gari ya waye, kowa ya yi matashin kai da jakarsa ya ɗaure igiyarta a hannu. Da na zanta da na kusa da ni, sai na tarar wasu ba tafiya za su yi ba, saukowa suka yi tun jiya, ba su da inda za su. Da asuba layi ya yi tsawo a ƙofar makewayi, kowa riƙe da ƴan canjinsa. Mai cajin waya yana karɓar nasa, mai shayi yana karɓar nasa, mai ajiyar kaya ma haka. Tabarmar ce kaɗai ba a biya.